Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da kisan Kaftin Kazamaju

Masu karatu, musamman ƴan kasuwa da ke kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano ta hanyar Matamaye ko ta Magariya, yau filinmu na tarihi zai tsaya a kan wani sarki da kusan kowa ya san sunansa. Duk wanda ya zauna Zindar ya san babbar lakwal ɗin nan da ake kira Amadu Kuran Daga, wadda ta yaye ma'aikata da likitoci da sojoji masu yawa. Mai sunan shekara 6 kacal ya yi a kan gadon sarauta, daga 1893 zuwa 1899. A cikin waɗannan ƴan shekaru ne aka kashe wani hafsan Faransa da tafintansa a cikin birninsa, kisan da labarinsa ya kai har Paris, wanda kuma a ƙarshe ya ci ran sarkin, daidai lokacin da ake shata iyakar nan da kuke tsayawa gaban duwan kafin ku ƙetare ta.

Amadu ɗan Sarki Tanimun ne, kuma wanda bai san uban ba ba zai gane ɗan ba. Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga wajen Barno yake, kuma sarakunan sun daɗe suna aika gaisuwa ga Shehu a Kukawa, domin a ƙarƙashinsa suke. Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta har zuwa 1884, shi ne ya mai da wannan ƙaramar ƙasa abin tsoro. Ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, ya tara bindigogi daga fataken Tarabulus, ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa a nan gida, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari. Ya shigar da Mirriya da Muniyo da ƙasashen Sosebaki ƙarƙashinsa, sarakunan Daura na Zango da Baure kuma suka jingina da shi. Gaisuwar Kukawa ba a daina ba, amma kowa ya san cewa bara ya fara fin ubangida ƙarfi. A wannan gida Amadu ya tashi, cikin ƙarar bindiga da haniniyar dawaki, yana ganin yadda ake fita yaƙi da rani a komo da ganima. Laƙabin Kuran Daga da aka yi masa daga fagen daga ya same shi. Mutanen Kano kuwa da Amadu Majerini suka san shi.

Kada mu manta kuma cewa arzikin Damagaram a wancan zamani kan hanya yake. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat da Agadas ya sauka Zindar kafin ya wuce Kano. Suna kawo yadi da takarda da sukari da turare da bindigogi, su koma da fatu jemammu da gashin jimina da hauren giwa. Ga gishirin Bilma da Fashi da Buzaye ke saukewa, ga kanwar Manga da ake lodawa jakuna zuwa kudu. Unguwar Zango da muka sani yau, a wajen ganuwa, masaukin waɗannan baƙi ce. Akwai kuma hajar da ba ma son ambata amma dole mu faɗa, wato bayi. Yawancin yaƙe-yaƙen zamanin don kamun mutane ake yin su, kuma da kuɗin mutanen nan ake sayen bindigar da za a kamo wasu. Baturen Ingila Ricadsan, da ya zauna Zindar a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na wannan ciniki da kuma tsananin hukuncin kisa a garin. Tanimun da ƴaƴansa a cikin wannan tsari suka yi mulki, ba su kuma nemi sauya shi ba.

Bayan rasuwar Tanimun ɗansa Suleman ɗan Aisa ya hau, ya yi shekara 9. A 1893 ya rasu, sarauta ta faɗo hannun ɗan'uwansa Amadu. Shekarar nan ta 1893 ba ƙaramar shekara ba ce a wannan yanki. A cikinta ne Rabe, wanda ya taso daga ƙasar Sudan da rundunar ƴan bindiga masu horo, ya murƙushe sojojin Barno ya ƙone Kukawa. Shehu Hashimu ya gudu, aka kashe shi, Shehu Kiyari da ya gaje shi ya ja daga da Rabe, shi ma ya rasa ransa. Rabe ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. A kudu kuma, a ƙarshen wannan shekara, basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta ƙare da hawan Sarki Alu Babba. Wato Amadu ya hau sarauta ne uban gidansa na gabas ya faɗi, babbar kasuwarsa ta kudu kuma tana cin wuta.

Faɗuwar Barno ta zo masa da riba da kuma barazana a lokaci guda. Ribar ita ce Damagaram ta fita daga ƙarƙashin kowa, ba sauran aika gaisuwa. Hanyar Kukawa zuwa Fezzan ta mutu, fatake da dama suka karkato ta Zindar. Amadu ya ɗauki kansa magajin ikon Barno a yamma, ya miƙa hannu kan ƙasashen da dā ke bin Shehu, irin su Gumel da Macina. Barazanar ita ce Rabe na ganin duk wanda ya taɓa bin Barno yanzu shi zai bi, kuma yana da ƙishin albarushi da bindigogin da ke shigowa ta arewa. Amadu bai miƙa wuya ba, ya kuma tsare hanyar makamai gwargwadon ikonsa. Tun daga nan har ƙarshen ransa, da Rabe yake kwana da shi yake tashi. Duk wanda yake son fahimtar abin da ya faru a 1898 ya riƙe wannan.

Da Kano kuwa yaƙi ya yi ta yi. Rundunarsa ta kutsa ƙasar Kano fiye da sau ɗaya a ƙarshen shekarun 1890, dawakinsa suka kai har Gezawa, tafiyar yini guda daga birnin Dabo, kuma har gobe ana ambaton karon da aka yi a Gezawa da na Tattarawa. Bai ci birnin Kano ba, Alu ma bai iya zuwa ya ci Zindar ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne talakawan ƙauyukan da ke tsakani, da kuma fatake, don in sarakuna biyu na faɗa madugu ba ya sanin ranar tashi. A ganinmu wannan yaƙi da Kano shi ne babban kuskuren lissafin Kuran Daga. Ya ƙarar da dawaki da albarushi a kan maƙwabcin da kasuwarsa ke ciyar da tasa, alhali abin da zai cinye su duka biyun yana tahowa daga yamma.

Tun a watan Agusta na 1890 Faransa da Ingila sun zauna sun ja layi a kan taswira daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barwa, bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Babu sarki ɗaya na ƙasar Hausa ko Barno da aka tambaya. Abin da ya rage shi ne kowace ta tura mutanenta su taka ƙasar da ƙafa, su sa sarakuna su sa hannu a takarda. Irin waɗannan ƴan aike ba duka ke komawa gida ba. A 1881 Buzayen Ahaggar sun hallaka tawagar Kanar Falatar a cikin Sahara. A 1891 aka kashe Karampel a Dar Kuti, ta hannun wani sarki da ke bin Rabe, kuma bindigogin da aka ƙwace daga tawagarsa suka ƙara wa Rabe ƙarfi. Su ma sarakunan suna jin labari ta bakin fatake. Sun san Faransa ta karɓe Tunis tun 1881, sun san ta shiga Tumbutu a 1894, sun kuma lura cewa Bature mai ɗauke da kyauta da takarda, bayansa Bature mai igwa ke zuwa.

A cikin wannan hali Kaftin Kazamaju, wanda ake rubuta sunansa Cazemajou da faransanci, ya taso. Haifaffen Marsai ne a 1864, injiniyan soja, ya yi aiki a Tunisiya. An ba shi umurnin ya bi layin nan na Sayi zuwa Cadi, ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan hanya, sa'annan ya isa wurin Rabe ya nemi fahimtar juna da shi. Ya bar Sayi a ƙarshen 1897 tare da tafintansa Bature mai suna Olib da ƴan tsirarun sojoji baƙar fata, yawancinsu mutanen yamma, da ƴan dako. A Janairun 1898 ya sauka Argungu, ya sa hannu a takarda da Sarkin Kabi Sama'ila, abin da ya tayar da hankalin Ingila har aka yi ta cacar baki tsakanin London da Paris. Daga nan ya yi gabas, a tsakiyar Afrilu ya iso Zindar.

An tarbe shi tarba ta baƙon sarki. An ba shi masauki a wajen ganuwa, ana kai masa abinci, ya gana da sarki, an yi musayar kyauta. Cikin waɗanda suka kusance shi akwai Malam Yaro, babban attajirin garin, wanda harkarsa ta kai Kano da Tarabulus. Kimanin mako uku ya yi a garin, yana shirin wucewa gabas, kuma bai ɓoye inda ya nufa ba. Ranar 5 ga watan Mayu na 1898 aka kira shi cikin Birni shi da Olib. Suka shiga ba tare da rundunarsu ba, kamar yadda baƙo ke zuwa sallama. A can aka far musu da kulake har suka mutu, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Kwana huɗu kafin wannan rana, can nesa a yamma, igwar Faransa ta fasa ganuwar Sikaso, Sarki Babemba ya mutu a ciki. Mutanen Zindar ba su ji ba tukuna, amma abin da suke tsoro ke nan.

Me ya sa sarki ya yarda aka yi haka? Masana tarihin Damagaram, ciki har da marigayi Andre Salifu wanda ya yi littafi a kan wannan masarauta a 1971, sun fi ba da ƙarfi ga zancen Rabe. Ga mutum ɗauke da bindigogi na zamani da kyaututtuka, ya ce wurin babban maƙiyinka zai je ya ƙulla abota. In ya isa Dikwa aka shirya, Damagaram ta shiga tsakanin guduma da uwar maƙera, Rabe ta gabas, Faransa ta yamma, ga Kano ta kudu ba a ga maciji. Dalili na biyu shi ne Larabawan Tarabulus da Gadamas mazauna garin, waɗanda da dama cikinsu ƴan ɗariƙar Sanusiyya ne. Su sun ga abin da zuwan Faransa ya yi wa ƴan'uwansu a arewa, sun kuma san in ta kama hanyar Sahara cinikinsu, musamman na bayi da makamai, ya ƙare. Akwai kuma fadawa da malamai da ke ganin shigowar Annasara cikin garin Musulmi ba alheri ba ne. Turawan da suka zo daga baya sun ɗora laifin kacokan a kan sarki. A cikin Birni mai ganuwa da dogarai, ba a kashe baƙon sarki sai sarki ya sani.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin nauyin wannan abu. Duk fataucin ƙasar nan a kan amanar mai masauki aka gina shi. Baƙo ya sauka gidanka, ya ajiye kayansa, ya ci tuwonka, to jininsa da dukiyarsa suna wuyanka har ya tashi. Da Kuran Daga ya hana Kazamaju wucewa, ko ya kore shi ya koma inda ya fito, ko ma ya tare shi a fili da yaƙi, da ba wanda zai ce uffan. Kiran baƙo zuwa sallama a kashe shi cin amana ne, ko da wane ne baƙon, kuma ba ma jin ƙaunar da muke yi wa tarihinmu za ta hana mu faɗin haka. Amma shi ma baƙon ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Ma'aunin ƙasa ya zo yi, wadda aka riga aka raba ba da sanin masu ita ba, kuma hasashen sarki game da abin da ke biye da shi bai yi kuskure ba ko kaɗan. Inda lissafin ya karye shi ne zaton cewa in an rufe mutum biyu a rijiya magana ta mutu.

Tun a makon farko aka ga alamar ba ta mutu ba. Sojojin Kazamaju da ke masauki sun rasa shugabanninsu, an kuma kama sarjan ɗinsu Samba Tarawore. Wani kaporal mai suna Kubi Keita ya karɓi jagoranci. Suka kafa kariya, suka yi kwanaki suna musayar wuta da mutanen gari, har aka sako musu waɗanda aka kama. An yi musu tayin su zauna su yi wa sarki aiki, suka ƙi. Da dare suka sulale suka yi yamma, suka yi kusan wata biyu a hanya da raunukansu da takardun tawagar, har suka isa bakin Kwara a watan Yuli. Ta bakinsu Faransa ta ji yadda aka yi. Abin lura a nan, waɗanda suka kai ƙarar Damagaram baƙaƙen fata ne kamar mu, kuma waɗanda za su zo ɗaukar fansa su ma mafi yawansu haka.

Ranar 14 ga watan Yuni na 1898, kwana 40 cif bayan kisan, kamar an jira sadakar arba'in, Faransa da Ingila suka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya a Paris. Aka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato aka zana baka mai faɗin mil 100, wato kilomita 160, duk abin da ke ciki na Ingila. Bisa wannan zane Birnin Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingila suka faɗa, Tasawa da Zindar a ɓangaren Faransa. Waɗanda suka sa hannu ba su ma san Kazamaju ya mutu ba. Faransa ta gano daga baya cewa hanyar da aka bar mata daga Kwara zuwa Zindar ba rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, tawagar Tilho ta zo ta kakkafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da ba a yi wannan gyara ba, da mai zuwa Illela daga Ƙonni ko Jibiya daga Maraɗi ba ya ƙetare iyakar kowa.

A farkon 1899 wata runduna ta taso daga bakin Kwara ƙarƙashin Kaftin Bule da Kaftin Shanwan, wanda ubansa janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa. Aikinsu su kai Cadi, kuma Zindar da jinin Kazamaju na cikin lissafinsu. Sojoji ɗaruruwa ne, in an haɗa da ƴan dako da matan da suke kamawa a hanya taron ya doshi mutum 2000, kuma ba su da guzuri sai abin da suka ƙwata. Abin da suka aikata kakanninmu sun ba iyayenmu labari. A Sansane Hausa, cikin Janairu, sun kashe mutum 101. A Lugu, ranar 16 ga Afrilu, Sarauniya da maharbanta suka tare su, aka ƙone garin. A farkon Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, wanda a takarda ma ba rabon Faransa ba ne, suka yi kisan da ƙiyasinsa ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Ɗan dako in ya gaji a harbe shi, ɗan jagora in ya ɓata hanya a rataye shi. Wasiƙar da wani laftana mai suna Peto ya aika wa budurwarsa ce ta tona asiri a Paris, gwamnati ta tura Kanar Kulob ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawarwaki suka yi masa jagora.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Kulob ya cim ma Bule a Ɗankori kusa da Tasawa. Ya hana mutanensa harbi. Bule ya sa aka buɗe wuta, kanar ya faɗi matacce, mataimakinsa Laftana Menye ya ji rauni. Sojojin da kansu suka juya wa shugabanninsu baya, suka harbe Shanwan ranar 16, Bule ranar 17, a Maijirgi, inda kaburburansu suke a gefen hanyar Maraɗi zuwa Zindar. A wannan rana ta 17 ɗin kuma, can kudu da Cadi, Rabe ya hallaka wata tawagar Faransa a Togbawo. Binciken da aka buɗe a Paris an rufe shi a 1902, aka ce zafin ƙasarmu ne ya haukata hafsoshin biyu. Mun lura cewa ba wanda ya nemi irin wannan uzuri ga Sarkin Damagaram.

Mutuwar Bule ba ta tsayar da rundunar ba. Laftana Paliye da Laftana Jowalan suka ja ta zuwa gabas. Kuran Daga bai jira su a bayan ganuwar ubansa ba, ya fito da dawakinsa da ƴan bindigarsa ya tare su a Tirmini, yamma da Zindar, a ƙarshen watan Yuli. Rundunar da ta razana Kano ba ta jure wa bindiga mai ɗurin baya da harbin layi ba. Kafin rana ta yi nisa an watse. Ranar 30 ga Yuli na 1899 Faransawa suka shiga Zindar, suka tarar mutane da yawa sun fice, igwogin Tanimun na nan zube. Aka tono ƙasusuwan Kazamaju da Olib daga rijiya aka binne su da faretin soja. Aka naɗa ɗan'uwan sarki, Amadu ɗan Basa, a kan gado.

Shi kuwa Kuran Daga ya yi wata ɗaya da rabi a daji da sauran waɗanda ba su guje shi ba. Mutumin da dā in ya hau ƙasa ke girgiza, ya koma yau nan gobe can, ƙauyukan da suka saba kai masa gaisuwa suna tsoron ba shi ruwa. Paliye ya koma yamma da wani ɓangare na sojojin, Jowalan ya karɓi ragama, kuma ba ya son ya wuce Cadi ya bar tsohon sarki da rai a bayansa. Ranar 15 ga Satumba na 1899 wata ƙungiyar sojojinsa ta rutsa Amadu a ƙauyen Rumji, aka yi faɗa, aka kashe shi. Aka yanke kansa aka kawo Zindar don kowa ya gani ya tabbata. Daga nan ne ya sami sunansa na ƙarshe, Amadu Mai Rumji, kamar yadda aka saba kiran sarki da wurin da ya kwanta dama. Wata 16 ke nan da ƴan kwanaki tsakanin rijiyar Birni da Rumji.

Sauran kuma da sauri suka biyo. A farkon Oktoba Jowalan da Menye suka yi gabas. A farkon Nuwamba tawagar Furo da Kumandan Lami, da ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Agadas, ta sauka Zindar. Ranar 22 ga Afrilu na 1900 rundunonin Faransa uku suka haɗu a Kuseri, bakin kogin Shari, aka kashe Rabe, Lami ma ya mutu a wurin, shi ya sa aka daɗe ana kiran Njamena da Fort Lami. Kan Rabe ma an yanke shi an nuna wa jama'a, kamar na mutumin da ya kwana yana tsoronsa. Alu na Kano bai wuce 1903 ba, Turawan Ingila suka ci birninsa, suka kama shi, ya ƙare ransa a tsare a Lokoja.

Amadu ɗan Basa ya riƙe sarauta har 1906, lokacin da Faransawa suka zarge shi da ƙulla makircin kashe Turawan garin. Suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, kuma cikin waɗanda aka kora tare da shi har da Malam Yaro, attajirin nan da ya yi wa Kazamaju hidima. Sai a 1923 aka mai da sarautar ga gidan, da naɗin Barma Mustafa. Ayarin Tarabulus kuwa jirgin ƙasa ne ya kashe shi, da dogo ya iso Kano a 1911, fatu da gyaɗa suka juya suka nufi teku ta kudu. Zindar ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Barikin da suka gina a kan duwatsu tsakanin Birni da Zango sun sa masa sunan Kazamaju. Bayan samun ƴancin kai aka cire wannan suna aka sa na Tanimun.